Masara Ta Sauko, Ina Labarin Miya?

Wanda ya shiga kasuwar Birnin Zazzau da kakar 2025 ya ga abin da aka jima ba a gani ba, wato mai awo ne ke kiran mai saye. Tiyar masarar da ta gagari talaka a 2024, shekarar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a watan Yuni, ta sauko ƙasa sosai. Dawa da shinkafa ma suka bi sahu, har manoman Giwa da Soba da Ikara suka koma kukan cewa kuɗin takin da suka zuba bai fito ba. Mu masu cin awo muka gode wa Allah. Masu mulki kuma suka ce ga shi nan, wahalar da aka sha tun cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ta fara haifar da ɗa mai ido.

Amma a cikin shekarar ta 2025 ɗin, a watan Yuli, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta ba da sanarwa cewa yara 652 ne tamowa ta kashe a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin watanni shida. Katsina kuwa ba wata uwa duniya ba ce. Ka bi ta Giwa, kafin ka gama gyangyaɗi mota ta sauke ka a Funtuwa. Dalilan wannan asara suna da yawa. Akwai 'yan bindiga da suka raba mutane da gonakinsu, akwai janyewar tallafin ƙasashen waje, musamman na Amurka, a farkon shekarar, ga kuma ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ke kada yaron da jikinsa ba ƙwari. Waɗannan sun fi ƙarfin magidanci shi kaɗai. Akwai dai dalili guda da ke zaune a madafar kowannenmu, a kansa muke so mu tsaya.

Bari mu fara da lissafi. Binciken lafiya da Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A yankinmu na arewa maso yamma kuwa kashi 57 ne, fiye da rabi ke nan. Da aka sake binciken a 2023 zuwa 2024, adadin ƙasa baki ɗaya ya hau zuwa kashi 40. To, a dubi shekarar farkon da kyau. A 2018 ba a cire tallafin mai ba, Naira ba ta yi faɗuwar da ta yi daga baya ba, hatsi kuma yana da araha in aka gwada da abin da ya biyo baya. Yankin da ya fi kowane yawan tsumburarrun yara kuma shi ne rumbun ƙasar, jiharmu ta Kaduna ma tana sahun gaba wajen noman masara. Da cikar rumbu ce ke raya yaro, da yaranmu sun fi na Legas da Inugu girma. Ga shi kuwa su ne suka fi namu.

Bakin masana lafiya ya zo ɗaya a kan kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa ranar da yaro ya cika shekara 2. Tsawon da ya rasa a wannan tsakani da wuya ya dawo, kuma a lokacin ne ƙwaƙwalwa ke ginuwa. Cikin yaro ɗan wata 8 bai wuce kofin shayi guda ba. Idan uwa ta cika shi da koko tsululu, ruwa ta ba shi. Zai yi shiru, ya yi barci, ita kuma ta ɗauka ya ƙoshi. Tuwo ma, duk da darajarsa, ba ya tafiya shi kaɗai. Masara da dawa suna ba da ƙarfin aiki, amma furotin ɗinsu, wato sinadarin da ke gina tsoka, gurgu ne, sai an haɗa shi da na wake ko waken suya ko nono ko kifi kafin ya miƙe. Farar masara ba ta da bitamin A, wanda ke tsare ido, ya kuma taimaki jiki wajen yaƙi da ƙyanda da gudawa. Bugu da ƙari, don son tuwo fari sol, mukan kai ta inji a surfe ta har a fitar da ƙwayar cikin da ke ɗauke da mai da bitamin, sa'an nan mu zuba wa akuya dusar. Wani lokaci akuyar gida ta fi yaron gida cin abin kirki. Saboda haka abin da ke raya yaro yana cikin tukunyar miya, ita kuwa ba ta sauko yadda buhun masara ya sauko ba.

Abin mamaki, Zage-zagi sun daɗe da maganin a hannunsu. Kanawa, abokan wasanmu, ba su da abin tsokanar Bazazzagi kamar fate. To, a buɗe tukunyar faten tsaki irin ta iyayenmu a ga abin da ke ciki: tsakin masara, ganyen rama ko yakuwa ko alayyafo, dakakkiyar gyaɗa, ɗan wake, gauta, albasa, daddawa, da cokalin manja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa abincin yaro ɗan wata 6 zuwa 23 gida takwas, ta ce lalle ya samu aƙalla biyar a kowace rana. Tsaki gida ɗaya ne, wake da gyaɗa na biyu, koren ganye na uku, gauta da albasa na huɗu. Yaron da ke shan nonon uwa ya cika na biyar. In aka daka busasshen kifi aka barbaɗa, an sami shida. Manjan nan kuma ba don ɗanɗano kawai yake ba; bitamin A na cikin ganye sai da maiƙo jiki ke iya ɗaukarsa, shi kansa manjan kuma cike yake da shi, muddin ba a soya shi har ya yi fari ba. Abin da masana suka zauna a Janiba suka tsara, tsohuwa a Limancin Kona ko Ƙwarbai tana dafa shi a tukunya guda tun kafin a haife su. Sai dai a ɗebi na yaro kafin a zuba barkono, a dama shi da kauri, ya yi laushi.

Ta yaya muka bar wannan tukunya? Da farko kunya ce. Fate da dambu da kwaɗon zogale sun zama abincin da ake ci a ɓoye, kada maƙwabta su ce gidan ya talauce. A ziyarar gidaje da muke yi mun sha tarar da uwa ta tura yaro shago da kuɗin da zai sayi ganye da gyaɗar da za su ishi gida duka, ya dawo da taliyar leda ƙulli biyu, aka dafa ta zalla, ba ƙwai ba ganye. Ba mu ga laifinta sosai ba, domin gawayi da iskar gas sun yi tsada, taliyar kuwa minti biyar ta nuna, wake kuma sai ya cinye itace. Yaran ma ita suke wa kuka. 'Yan Nijeriya suna cin irin wannan taliya kusan ƙulli biliyan 3 a shekara. Fulawa ce da mai da gishiri; tana kashe yunwa, amma gida ɗaya tak ta cika daga cikin takwas ɗin nan.

Sayen dafaffen abinci dai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Zazzau. A 1970 zuwa 1971 wata mai bincike a Samaru, Emmy Simmons, ta bi ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi tana auna abin da gidaje ke ci, ta kuma rubuta yadda mata da yawa ke sana'ar abinci daga cikin gida, yara na kai talla. Har yau haka birni yake ci da rana. Fura da ƙosai da alale da ɗanwake da ƙuli-ƙuli duk daga hannun matan cikin gida suke fitowa, kuma galibinsu abinci ne na ƙwarai. An ma sami ƙari mai albarka, wato awara, wadda kakanninmu ba su san ta ba, ga shi ta zama naman talaka. Matsalarta guda ita ce man da ake soya ta da shi sau da yawa har ya yi baƙi. Abin da ya sake shi ne abokan gasar farantin talla. A ƙofar kowace makarantar firamare yanzu akwai tebur na biskit da alewa da ruwan zaƙi mai launi a leda, kuɗin karin kumallon yaro kuma can yake ƙarewa.

Sa'an nan akwai maganar ƙasa da itatuwa. Waɗanda suka gina ganuwar Zazzau sun kewaye gidaje har da filayen noma, don gari ya ci ko da an rufe ƙofofi. Yawancin filayen nan sun zama gidaje, bayan gidan da ake shuka kuɓewa da rama da kabewa an yi masa siminti. Kuka da ɗorawa a karkara suna shan gatarin masu gawayi. In ɗorawa ta ragu kalwa ta yi tsada, in kalwa ta yi tsada sai daddawa ta bar tukunya, dunƙule ya maye gurbinta. Daddawa abinci ce, tana da furotin. Dunƙule kuwa wajen rabinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, ƙasa da ƙaramin cokali guda ke nan. Sai a lissafa dunƙule nawa ke shiga tukunya ɗaya, a ƙara da gishirin da aka zuba da hannu, sa'an nan a tuna yawan iyayenmu da hawan jini ya kwantar, wasu har da shanyewar ɓarin jiki. Tukunyar da ke tsumburar da jika ita ce ke kada kaka.

Me gwamnati ta yi? Ta yi wasu abubuwa, kuma ya kamata a faɗa. Tun 1993 ake sa aidin a gishiri, kuma maƙoƙon da dattawanmu suka saba gani a wuyan mutane ya yi wuyar gani. Daga 2002 doka ta tilasta a ƙara bitamin A a fulawa da sukari da man girki na kamfani, sai dai mai sayen man da aka auna a kwalba daga durom bai san ko dokar ta iso gare shi ba. Jihar Kaduna ta ba ma'aikatanta mata hutun haihuwa na wata 6 a 2019, abin yabo ne, amma mai tuyar ƙosai a Babban Dodo ba ta da wanda zai ba ta hutu. Dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi. Da faɗuwar Naira wannan ya zama abin dariya, ba wanda ya fasa sayen kwalba saboda shi. Ciyar da 'yan firamare, wadda jihar Kaduna ta fara a watan Janairu na 2016, Gwamnatin Tarayya kuma ta ɗauka, ta yi ta tafiyar hawainiya har aka dakatar da ta tarayyar a watan Janairu na 2024 saboda binciken kuɗi. Ko da tana tafiya daidai, a ganinmu, tana samun yaro ne yana shekara 6, bayan ƙofar kwana 1,000 ta rufe tuntuni. Da tsada ta kai intaha a 2024 kuma, abin da aka yi shi ne ɗage harajin shigo da shinkafa da masara da alkama da dawa da gero da wake na kwana 150. Duk busasshen kaya ne na buhu. Idon hukuma a kan buhu yake, domin shi ake iya ƙirgawa, a kuma raba a gaban 'yan jarida.

Wani abin takaici yana nan kusa da mu. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka kafa a 1922, ta fitar da irin masara mai launin ruwan lemo da ke ɗauke da bitamin A, ta hanyar barbarar iri yadda aka saba. Daga Samaru zuwa Ƙofar Doka ba a tafiyar awa guda, amma ka zaga layin masu hatsi a kasuwar birni ka ga tiya nawa za ka samu. Manomi ba zai shuka abin da ba a saye ba, uwargida kuma ta ce tuwo ja ba tuwo ba ne. Mun ci, tuwo ne.

Yanzu sai mu shigo gida, inda ba gwamna ba kansila. A gidajenmu da yawa tsokar nama da kan kifi a kwanon maigida suke sauka. Yara kuma a haɗa su kwano guda, ɗan shekara 10 da ɗan shekara 2, mai babban hannu ya cinye, ƙaramin ya tashi da romo a yatsa. Raba wa ƙarami kwanonsa, uwa ko yaya ta zauna kusa har ya gama, bai ci ko kwabo ba. Akwai kuma tsohuwar magana cewa yaron da aka saba masa da ƙwai ɓarawo zai zama. Muna da kaji a tsakar gida, muna sayar da ƙwan mu sayo biskit. 'Yan'uwa maza, wannan magana tamu ce kafin ta zama ta mata, domin mu ke ba da kuɗin cefane, mu kuma ake zuba wa na sama.

Haka batun nono. Binciken 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata 6 ke shan nonon uwa zalla. Sau da yawa uwar ta ji bayanin a asibiti ta yarda, amma in zafin Maris da Afrilu ya taso sai kaka ta ce za a kashe mata jika da ƙishi, ta ɗauko ruwa ko ɗauri. Nonon uwa kuwa fiye da kashi 80 cikin 100 nasa ruwa ne, mai tsabta, ruwan randa kuma shi ke kawo gudawa. Dakashin farko da wasu ke matsewa su zubar, shi ne rigakafin jariri na fari. Game da yaye, a 1935 wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ta yi aiki a Akara ta ƙasar Gana, ta sa wa ciwon kumburin yara sunan da mutanen Ga ke kiransa, kwashiyoko, wato ciwon da yaro ke kamuwa da shi in an yi masa ƙane. Mu ma mun san shi, mukan ce kwanika ce, mu ɗora wa nonon mai ciki laifi. Likitoci sun ce nonon ba guba ba ne. Abin da ke kada yaron shi ne a cire shi rana ɗaya, a kai shi gidan kaka, a bar shi da koko.

Mu da ke Wusasa da Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru kasuwa ɗaya muke ci da maƙwabtanmu na cikin ganuwa, layi ɗaya matanmu ke bi a asibitin yara, kuma ba mu fi su tsira daga wannan abu ba. A wani fannin ma mun fi su laifi. A duba tarurrukanmu. Bikin aure ko na suna ko taron godiya ba ya cika sai an jera akwatunan lemon kwalba, kwalba ɗaya kuwa sukarin da ke cikinta ya wuce ƙananan cokali 6 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi so babba ya tsaya a kai a yini guda. Yaron da ya yi ƙoƙari a makarantar Lahadi alewa muke ba shi. Wanda aka saba masa tun yana ƙarami cewa ladan kirki zaƙi ne, kada a yi mamaki in ya ƙi kwaɗon rama. Dafaffiyar gyaɗa, ko gwaba, ko mangwaro a lokacinsa, ko dafaffen ƙwai, ba su fi biskit tsada da yawa ba. Zoɓo da kunun zaƙi namu ne, in an rage hannu wajen sukari.

Zumuntar Mata kuwa tana da abin da hukuma ba ta da shi, domin ta san gidan kowa. Garin nan da ake kira Tom Brown, wanda ƙungiyoyin agaji suka yi amfani da shi sosai a arewa maso gabas, ba wani sirri ba ne: awo 6 na gero ko dawa ko masara, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa, a jiƙa waken a cire ɓawonsa, a soya kowanne, a niƙa tare, a dama da kauri. Mace ɗaya za ta ga wahalar itace da kuɗin niƙa, mata goma in sun haɗa hannu abin ya yi sauƙi. A dai tsince gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a zubar, kada a yi musu rowa, domin gubar da ke cikinsu tana lalata hanta, wuta kuma ba ta kashe ta. Kayan da ake kawowa ranar godiyar girbi ma ba dole ba ne a yi gwanjonsu duka. A ware wake da gyaɗa don gidajen da ke da masu ciki da masu goyo.

Sai dai a san iyakar tukunya. Yaron da ƙafafunsa suka kumbura, aka danna yatsa ya bar rami, ko gashinsa ya yi ja yana zuba, ko ya ƙi cin komai, ya wuce maganar fate da Tom Brown. Ma'aikatan lafiya suna da ɗan zaren awo da suke naɗawa a damtsen yaro. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ce mai tsanani. A kai shi asibiti a ranar, ko Cibiyar Lafiyar Yara da ke Banzazzau, ko Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ko na Wusasa, ko wanda ya fi kusa. Abincin magani na leda da ake ba irin waɗannan yara, wanda aka haɗa da gyaɗa da madara da mai da sukari, na mara lafiyar ne shi kaɗai. Ba a raba shi da 'yan'uwansa, ba a kai shi kasuwa.

Arahar masara kuma kada ta ruɗe mu. Manomin da ya yi asara a shekara ɗaya yakan rage gona a ta biyu, farashi ya sake juyawa. Lokacin da ya fi cin yara shi ne daga Yuni zuwa Satumba, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, iyaye mata kuma suna gona ko kasuwa. Wanda ya sami rarar kuɗi daga saukin hatsi, da kaka ya kamata ya juya ta zuwa wake da waken suya da gyaɗa, tun suna hannun manomi. Ganyen kuka da zogale da rama a shanya su a inuwa, domin rana tana cinye bitamin ɗinsu. Wanda siminti ya cinye masa tsakar gida kuma, tsohon buhu cike da ƙasa da takin awaki ya isa ya ɗauki alayyafo, cikin mako huɗu zuwa biyar an fara tsinka.